Kira Uku a Bakin Ƙofa

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 5 na yamma, a ofis

Shekara ashirin da biyu ina magatakardan kwamiti a majalisar nan, duk abin da hannuna ya rubuta maganar wasu ce. Yau na ɗauki ragowar wani littafin ofis na fara rubuta tawa, domin akwai abin da ba zan iya faɗa wa kowa ba, kuma in na bar shi a ciki zai hana ni cin abinci.

Da safe kakakin majalisa ya karanta wasiƙar gwamnati. An ba da sunan Yaya a matsayin shugaban hukumar kula da asibitoci, an miƙo wa kwamitinmu na lafiya ya tantance shi ranar Talata 18 ga wata. Yaya yayan matata ne, likita. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya ba ni aurenta, kuma da takardarsa na zo neman aikin nan lokacin ko takalmin kirki ba ni da shi. Kafin azahar matata ta kira ni sau uku, murna har ba na gane abin da take cewa.

Ƙarfe biyu wata mata ta shigo da ambulan a cikin leda. Ba ta zauna ba sai da na ce ta zauna. Nas ce, ta yi aiki a ɗakin yara na asibitin da Yaya ya shugabanta shekara shida da suka wuce. Takardar koke ta kawo a kansa. Ba zan kwashe abin da ke ciki in zuba a nan ba. Yara ne, da ruwan da ake ƙara musu, da rahoto uku da ta ce ta rubuta kafin a sallame ta daga aiki. Wannan ya isa.

Ta ce, "Yallaɓai, ba na asibitin yanzu. Ban sa adireshin gida ba, haya nake kuma tashi zan yi. Ga lambata a ƙasa, in za a neme ni a kira ta."

Na ce to. Na raka ta wurin Hajiya mai rajista, aka buga wa koken hatimi. Abin da Hajiya ta buga wa hatimi kuwa, ko gobara ba ta fitar da shi daga rajista.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe 11 na safe

Na kai wa Shugaban kwamiti koken. Ya karanta shafin farko, ya tsallake zuwa na ƙarshe, ya cire tabarau.

"Magatakarda, mutumin nan ba surukinka ba ne?"

"Ranka ya daɗe, shi ne. Abin da ya kawo ni ke nan, ko in janye wani ya riƙe."

Ya yi dariya. "Ka janye ka bar ni da wa? Da waɗannan da ba su san bambancin rahoto da jadawali ba? Kai ka san aikinka, ba sai an koya maka ba." Ya miƙo min fayil, ya ɗauki wayarsa.

Ka san aikinka. Tun da na fito nake juya maganar. Aikina ai a rubuce yake cikin dokar zama. Mai koke sai ya zo da kansa ya rantse a gaban kwamiti. Magatakarda ne zai aika masa wasiƙar gayyata, aƙalla kwana bakwai kafin zama. Ranar zama magatakarda ya fita bakin ƙofa ya kira sunansa sau uku. In bai amsa ba koken ya mutu, ko buɗe shi ba za a yi ba. Na san wannan kamar yadda na san hanyar gidana, amma ban taɓa lura da yadda komai ya rataya a wuyan mutum ɗaya ba sai yau.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe 3

Na buga wasiƙar, na sa hannu. Tana cikin durowa.

Juma'a, 7 ga wata, bayan isha'i

Mun je gidan Yaya yi masa murna. Falo cike da mutanen da ba su san hanyar gidan ba sai wannan makon. Da ya hango ni ya taso, ya kama hannuna ya ja ni ƙaramin ɗakinsa. Na ce a raina yau za a yi ta.

Ya tambayi ciwon gwiwata. Ya ce in nuna masa maganin da nake sha, ya karanta kwalin, ya ce in daina shan sa ba abinci a ciki. Ya tambayi karatun yara ɗaya bayan ɗaya. Ya tsokane ni wai shekara ashirin da biyar ƙanwarsa na ciyar da ni har yanzu ban yi tumbi ba, ko dai rowa take min ya rama min? Muka yi dariya. Ko kalma ɗaya bai ce ba a kan tantancewa, balle koke, alhali na san an aika masa kwafi tun Laraba, ni na sa a ambulan. Shirun nan ya fi min nauyi a kan a ce ya roƙe ni.

A mota matata sai lissafin wa da wa za a ɗauko ranar rantsarwa. Ta ce Inna, mahaifiyarsu, ta ce ko a kujerar guragu ne sai an kai ta. Na ce Allah ya nuna mana. Ta ce, "Baban yara, amin ɗinka ba ƙarfi." Na ce hanya nake kallo.

Lahadi, 9 ga wata, da hantsi

Tana cikin durowa. Saura kwana biyu.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe 12

Nas ta kira wayar ofis.

"Yallaɓai, shiru na ji. Na ce ko an manta da ni."

"Ba a manta ba, Malama. Za a aiko miki."

"Wace rana ce zaman?"

"Yana cikin wasiƙar."

Ta yi godiya, har da Allah ya raya zuri'a. Ban yi mata ƙarya ko ɗaya ba. Na sake bin maganata kalma-kalma, babu ƙarya a ciki. To me ya sa rigata ta jiƙe, ga fanka na kaɗawa?

Talata, 11 ga wata, ƙarfe 4 da rabi

Na aika.

Kwana bakwai cif, kamar yadda doka ta ce. Ta gidan waya, da rajista, ga rasit na manna a fayil. Adireshi ɗaya ne tak a jikin koken, na asibitin da ta ambata a layin farko, shi na rubuta a bayan ambulan.

Da na kai wa Hajiya ta shigar a littafin fita, ta karanta bayan ambulan ɗin, ta ɗago ta kalle ni ta saman tabarau.

"Malam, ba lambar waya a koken nan?"

"Doka wasiƙa ta ce, Hajiya."

"To. Doka ta ce." Ta buga hatimi. Shekara goma sha biyar muna shan shayi tare da safe, yau ta ce azumi take.

Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Haka na yi ta faɗa wa kaina a hanyar gida. Wataƙila ma wani a asibitin ya san ta, ya kira ta. Mutane suna da kirki, ana samun irin haka.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe 1

Ɗan adawar kwamitinmu, wanda muke ce wa Barkono a bayan idonsa, ya tare ni a matakala. Ya ce ya ji akwai koke, an gayyaci mai shi? Na ce an gayyata, ranka ya daɗe, ranar Talata, da rajista, rasit ma yana fayil, in yana so in kawo masa kwafi yanzun nan. Ya tsaya yana kallona ya ce, "Magatakarda, tambaya ɗaya na yi, ka ba ni amsa huɗu." Ya wuce yana murmushi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Asabar, 15 ga wata, bayan la'asar

Na haddace lambarta ban yi niyya ba. Sau biyu na danna ta a wayata, na zauna ina kallonta, na goge. Kira ɗaya ne, minti ɗaya: Malama, Talata ƙarfe goma, ɗaki na uku.

Matata ta kwashe kwanona kamar yadda ta ajiye. Ta ce ko gwiwar ce, ko ta kira Yaya? Na daka mata tsawa na ce komai Yaya, komai Yaya, ba wani likita a duniya sai Yaya? Ta juya ta fita. Ban taɓa yi mata haka a gaban yara ba. Na ji kunya, kuma ban bi ta na ba ta haƙuri ba.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe 5

Mun shirya ɗaki. Sunayen 'yan kwamiti a gaban kujerunsu, ruwa, makirfo guda tara, biyu ba sa aiki kamar kullum. Tebur ɗin wanda za a tantance a tsakiya. Ƙaramin tebur na mai koke a gefen hagu, da takardar rantsuwa a kai. Ni na ɗauko kujerar da kaina, da na ga ƙafarta ɗaya na rawa na mayar na sauya wata.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

An yi.

Ɗaki ya cika kafin goma. 'Yan jarida a baya, dangi a tsakiya. An kawo Inna, matata na gefenta cikin sabon kaya. Yaya ya shigo da wata baƙar jaka ya ajiye a gefen ƙafarsa. Ya karanta tarihinsa, aka yi masa tambayoyi irin na kullum: me zai yi da ƙarancin likitoci, me zai yi da yajin aiki. Ya amsa da kyau, Yaya ya san aikinsa.

Sai Shugaba ya ce, "Akwai koke guda ɗaya. Magatakarda, kira mai koke."

Na tashi. Daga teburina zuwa ƙofa taku goma sha biyu ne, na sha yin sa. Na buɗe. Ba kowa a barandar sai ɗan sanda a kan benci da wata mata mai goge ƙasa. Na kira sunanta. Ƙasa-ƙasa na kira, Barkono ya ce daga ciki, "Ba mu ji ba." Na kira na biyu da ƙarfi. Mai goge ƙasa ta ɗago ta dube ni, ta waiga bayanta ko da wani nake. Kafin na uku na daɗe a tsaye. Wallahi ina kallon matakala ina roƙon Allah ta ɓullo, ni da na san ba za ta ɓullo ba. Shugaba ya ce, "Magatakarda, lokaci." Na kira na uku.

Na dawo na faɗi abin da ake faɗa: "Ranka ya daɗe, an kira sau uku, ba a amsa ba." Barkono ya nemi ganin shaidar gayyata, na miƙa rasit, ya juya shi ya dawo min da shi. Shugaba ya buga guduma. Na ga Yaya ya ɗaga hannu kamar zai yi magana, Shugaba ya ce ba buƙata, Dakta, koken ya faɗi. Aka yi tafi, ko da yake doka ta hana tafi.

A waje Inna ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, ashe kai ne mai kira. Muryarka tubarkalla."

Laraba, 19 ga wata, da safe

Rediyo ta ce matar da ta yi wa Dakta ƙazafi ta gudu, ta kasa fuskantar kwamiti. Sau uku suka maimaita kafin in kai ofis.

Laraba, ƙarfe 4

Na gama rahoto. Sakin layi na tara: "An gayyaci mai koke bisa ƙa'ida, ba ta halarta ba." Litinin za a gabatar a zaure. Babu ƙarya a ciki.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 2

Ta zo.

Na shirya wa zagi. Da ta zage ni da na samu sauƙi, da na ɗaga murya na nuna mata rasit. Sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Yallaɓai, haƙuri na zo ba ka. A rediyo na ji ka fita ka yi ta kirana. Wallahi ban ga wasiƙa ba. Na je gidan waya, na je tsohon gidan da na tashi, ba su gani ba. Na san kai ka yi naka."

Na ce ta zauna. Ta zauna a bakin kujera, ledarta a cinya. Ta ce maƙwabtanta sun fara nuna ta da baki. Ta ce wannan bai dame ta ba kamar iyayen yaran, su ne suka ce ta zo. Uku daga cikinsu sun so su rako ta, suna ta jira ta faɗa musu rana. Ɗaya uban ya kira ta jiya ya ce ko ita ma an saye ta ne.

"Ni ba don a hana shi kujera na zo ba," ta ce. "So nake a tambaye shi a gaban mutane, ya amsa. In yana da amsa ya faɗa mu ji. Shekara shida ba wanda ya tambaya."

Na buɗe fayil na juya mata shi. Ta karanta rasit ɗin, ta karanta adireshin. Ta daɗe a kai.

"Asibiti ka aika."

"Eh."

"Na gaya maka ba na can."

"Kin gaya min."

Ta tashi, ta gyara mayafinta. Ba ta yi kuka ba, ba ta ce Allah ya isa ba. Ta ce, "Ashe ni ce na yi maka addu'a a waya." Ta ja min ƙofa a hankali.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe 10

Shafi ɗaya na rubuta, zuwa ga Shugaba, kwafi ga kakaki da duk 'yan kwamiti. Cewa mai koke ta shaida min da bakinta ba ta asibitin, ta bar lamba, na aika can da sanina. Cewa wanda aka tantance yayan matata ne. Cewa sakin layi na tara a cire shi.

Ban kai wa Shugaba ba, wurin Hajiya na nufa. Ta karanta har ƙasa, ta ɗaga hatimi ta tsaya.

"Malam, ka san in ya sauka ya sauka. Shekara nawa ta rage maka ka yi ritaya?"

"Uku."

"Matarka ta sani?"

"Buga, Hajiya."

Ta buga. Ta zuba shayi a kofi biyu. Na kasa sha.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe 5

Allura ta tono garma. An dakatar da rahoto a zaure, an tura maganar ga kwamitin ɗa'a, Alhamis zan bayyana. An karɓe makullin ofis, a teburin Hajiya nake rubuta wannan. Shugaba ya wuce ni a baranda kamar bango.

Barkono ya kira ni gefe, yau baki har kunne. Ya ce, "Magatakarda, kai ƙaramin kifi ne, ba kai nake nema ba. Ranar Alhamis tambaya ɗaya zan yi maka: wa ya sa ka? Ka faɗi suna kawai, ni zan tsaya maka." Na ce zan yi tunani.

Ban san ko za a sake ba ta rana ba. Wasu sun ce doka ba ta tanadi kira na huɗu ba.

Talata, 25 ga wata, da rana

Yaya ya kira. Na ɗauka a tsaye, kamar yana ganina.

Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ka ga jakar da na shigo da ita ranar nan? Amsata ce a ciki, shafi goma sha ɗaya, da takardun sito. Shekara shida ina jiran wurin da zan faɗe ta. Ban yi maka maganar ba don kada in sa ka a tsaka mai wuya. Yanzu duk gari na cewa na sa mijin ƙanwata ya ɓoye mace. Ko na karanta, wa zai saurara?"

Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri."

Ya ce, "Kana shan maganin da abinci?" Ya kashe.

Ban san abin da ke cikin jakar ba. Ban san ko gaskiya ce ba. Ita ma ba ta sani ba, iyayen ma haka.

Laraba, 26 ga wata, bayan magariba

Kwana biyu matata ba ta ce min komai ba sai ga abinci, ga ruwa. Ɗazu ta sallami yara, ta shigo ta zauna a bakin gado. Ta ce Inna ta daina cin abinci tun da wata ta kai mata labari.

Na fara yi mata bayani. Na ce saboda ita na yi, saboda Yaya, saboda alherin da ya yi mana. Ta ɗaga min hannu.

"Baban yara, kada ka sa ni a ciki. Na ce ka yi?"

"Ba ki ce ba, amma..."

"Ka ma gaya min akwai wata mata? Shekara ashirin da biyar ina tare da kai. Da ka zo ka ce min ga koke an kawo kan Yaya, da na yi kuka, da na yi fushi da matar, ƙila har da kai. Amma da na ce ka kira ta. Ni ma na kwantar da yaro a asibiti, na zauna ina kallon ruwan nan yana ɗiga. Ka cuce ta da sunana ba ka tambaye ni ba. Ka wanke kanka da sunan Yaya, nan ma ba ka tambaye ni ba."

Ta tashi ta ɗauki mayafi, ta ce yau a wurin Inna za ta kwana. Ba ta ce yaushe za ta dawo ba, ni ma ban tambaya ba.

Gobe ƙarfe goma za su rantsar da ni, Barkono ya yi tambayarsa. Na koma farkon littafin nan ina neman ranar da wani ya ce min in yi. Na duba wurin Shugaba, na duba wurin Yaya, na duba wurinta. Na karanta sau biyu, a hankali, da yatsa a kan layi.

Sunana zan faɗa.